Daga Kantin Kwari zuwa Iloilo

Shekara uku ɗan ƙanwata yana karatun aikin jinya a birnin Iloilo na ƙasar Filifin, bai leƙo gida ko sau ɗaya ba saboda tsadar jirgi. Uwarsa tana ganinsa a waya kullum, amma hankalinta bai kwanta ba. Wata rana ta same ni a shago ta ce, "Yaya, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka saba da hanya, je ka gano mini abin da yaron nan yake ci da inda yake kwana." Atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, na san hanyar Dubai da Guangzhou, amma Filifin sai dai a taswira. Da na gaya wa yaron, cewa ya yi, "Kawu, in za ka zo, ka daidaita zuwanka da Lahadi ta huɗu ta watan Janairu, ranar Dinagyang, babban bikin garin nan. Amma tun Nuwamba za mu kama maka ɗaki, in ba haka ba babu inda za ka samu."

Ɗan Najeriya ba ya shiga Filifin sai da biza, ofishin jakadancinsu kuma yana Abuja. Na kai fasfo da ya rage masa fiye da wata shida, da hotuna, da bayanin asusun banki, da takardar rajistar kasuwancina, da shaidar tikitin zuwa da dawowa, da ta otal. Yaron ya aiko da wasiƙar gayyata da kwafin katinsa na makaranta. Abin da suka fi tsayawa a kai shi ne me zai dawo da ni gida, shago kuwa ya amsa wannan. Wanda zai bi wannan hanya ya fara neman biza da wuri, kada ya bari sai tafiya ta matso. Ya kuma riƙe katin rigakafin shawara a aljihun gaba, don za a tambaye shi. Akwai wata rajista ta intanet mai suna eTravel da ake cikewa cikin awa 72 kafin a sauka, kyauta ce, tana ba ka lamba a waya da za ka nuna a filin jirgi.

Daga Abuja muka tashi zuwa Doha, daga Doha kusan awa tara zuwa Manila. Filin jirgin Manila sassa ne daban-daban da ba a haɗe suke ba, mai canza jirgi yakan ɗauki kayansa ya hau mota zuwa wani sashen, shi ya sa na bar awa biyar tsakanin jiragen biyu, kuma ban yi da-na-sani ba. Daga nan awa ɗaya da 'yan mintuna sai ga tsibirin Panay a ƙasa, kore shar, gonakin shinkafa a yanke kamar da wuƙa. Filin jirgin Iloilo yana garin Cabatuan, kimanin kilomita 19 daga cikin birni, a 2007 aka buɗe shi. Yaron yana tsaye a bakin ƙofa. Ya rame kaɗan, ya yi tsawo, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni a gaban mutane, ni kuwa na kasa cewa komai sai "Ka girma, ka girma."

Abu na farko da ya girgiza ni ba a titi na gamu da shi ba, a ɗakin otal ne. Na shimfiɗa darduma zan rama sallolin hanya, na nemi inda rana take fitowa, sai yaron ya kama kafaɗata ya juya ni. "Kawu, nan yamma ake kallo." Mu da in an ce mutum yana kallon gabas an gama faɗin cewa yana salla, ga ni na ba gabas baya na tayar da kabbara. Agogonsu ya riga namu da awa bakwai, ina sallar Asuba mutanen gidana ba su daɗe da kwanciya ba. A wannan daren na san na yi nisa.

Iloilo ba ƙaton birni ba ne, ƙidayar 2020 ta ba shi mutum 457,626, bai kai wasu ƙananan hukumomin cikin Kano ba. Harshensu Hiligaynon, suna magana a hankali, suna jan ƙarshen kalma kamar mai lallashin yaro, har sai da na yi kwana biyu kafin na iya gane lokacin da direba yake faɗa. Motar haya ita ce jifni, doguwa mai benci biyu suna kallon juna. Kuɗin mota daga hannu zuwa hannu yake tafiya har ya isa ga direba, canji ya dawo ta wannan hanyar, ba kwandasta. In za ka sauka ka ce "lugar lang". Na gode kuma "salamat gid", wannan salamat ɗin da salamar da muka sani tushensu ɗaya, ta hanyar 'yan kasuwar teku ta iso musu.

Yanzu ga abinci, wanda shi aka aiko ni dubawa.

A ƙarshen Oktoban 2023 hukumar UNESCO ta sa Iloilo cikin biranen da ta karrama saboda girki, shi ne na farko a ƙasar da ya samu wannan, kuma duk wanda ka haɗu da shi sai ya gaya maka. Sai dai abincin da suka fi alfahari da shi, ba namu ba ne. La Paz batchoy, wanda ya samo suna daga kasuwar unguwar La Paz, taliya ce a cikin romon ƙashi, da hanta da kayan cikin alade, a barbaɗa soyayyar fatarsa da tafarnuwa a sama. Pancit Molo, na tsohuwar unguwar 'yan Sin, curin nama ne a naɗe cikin fulawa yana iyo a romo, shi ma alade. Akwai wata miya da suke kira KBL, harafin tsakiyar nan baboy ne, wato alade. Kalmar da na fara haddacewa ke nan. Kuma tambayar "wala baboy?", babu alade?, ba ta isa ba ita kaɗai. Mai abinci zai ce maka babu, da zuciya ɗaya, don ba ya ganin tsoka a kwanon, alhali romon daga tukunya ɗaya aka ɗebo, ko da kitsensa aka soya albasar. Sai ka tambayi romon, ka tambayi man, ka tambayi tukunyar. Ba wanda ya ɓata rai don na yi tambaya. Wata mai shago ma da kanta ta ce kada in ci komai a wurinta sai kofi, ta nuna mana wani wuri a gaba. Kofin nan ta cikin ƙyalle take tace shi, kamar yadda ake tace koko, mai ƙarfi, da madarar gwangwani.

Ina kallon mutane suna kurɓar batchoy suna gumi suna cewa "namit gid", ya yi daɗi ƙwarai, na tsaya ina tunanin yadda yaron nan ya yi shekara uku a tsakiyar wannan. Amsar tana gidan da yake haya. Matar gidan dattijuwa ce, Kirista mai riƙon addininta, yana ce mata Nanay, wato Inna, ita kuma tana ce masa Toto, yadda suke kiran ɗa namiji. Tun watan farko da ya yi mata bayani ta ware masa tukunya biyu da ludayi da wuƙa, ta ɗaura musu jan zare a mariƙi don kada jikokinta su haɗa su da sauran. Da idona na ga tukwanen nan a rataye a gefe. Hoton da na fara aika wa ƙanwata ke nan, kafin hoton ɗakinsa.

Ranar ta yi mana laswa. Da aka buɗe kwanon sai na ga kuɓewa, da kabewa, da yalo, da zogale, da wani ganye mai yauƙi da na ɗaga da cokali na duba da kyau. Lalo ne. Su tugabang suke ce masa, zogale kuma balunggay. Ba mai, ba daddawa, ba yaji, ruwa ne da gishiri da 'yan jatan lande, sai zaƙin ganyen kansa. Na ci kwano biyu da shinkafa. Kashegari yaron ya sayo kazar gida da ranta ya yanka da kansa a bayan gida, haka yake yi duk lokacin da ya so nama, Nanay ta dafa ta da ruwan ɗanyar kwakwa da citta da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke sa wa a shayi. Sunan wannan binakol. Romon yana da ɗan zaƙi, da fari bakina ya ƙi shi, kafin in kai rabin kwano na daina lura. Sauran kwanakin kifi ya riƙe ni, musamman bangus gasasshe a gawayi a bakin ruwa na unguwar Villa. Ranar Juma'a muka yi salla a wani ƙaramin masallaci, yawancin jama'ar 'yan kasuwa ne Maranao daga kudancin ƙasar, a wurinsu ɗaliban Musulmi suke samun naman yanka.

Kwana biyu muka yi muna yawon tsofaffin gine-gine. Cocin Molo, da aka fara ginawa a 1831, gumakan waliyyai mata goma sha shida ne a jere a cikinsa. Babban cocin Jaro kuwa na maza ne, hasumiyar ƙararrawarsa tana tsallaken titi ita kaɗai. A dandalin Plaza Libertad aka ɗaga tutar 'yan juyin juya hali ranar 25 ga Disamban 1898, bayan Sifaniyawa sun miƙa garin, wanda shi ne mazaunin mulkinsu na ƙarshe a ƙasar. Duk na gani, na ɗauki hoto. Amma inda na tsaya na daɗe shi ne bakin kogi, a titin da ake kira Muelle Loney.

Nicholas Loney Bature ne ɗan Ingila, ya zo Iloilo a 1856 a matsayin wakilin ƙasarsa, shekara ɗaya bayan an buɗe tashar jiragen ruwan garin ga kasuwancin waje. Ya tarar da gari na masaƙa. Mata ne suke saƙa a gidajensu, da auduga da siliki da zaren ganyen abarba, ana kai kayansu Manila da ƙetare. Shi ya buɗe hanyar shigo da yadin Manchester mai araha, ya kuma riƙa ba manoma injinan matse rake bashi, aka share dazukan tsibirin Negros da ke maƙwabtaka aka shuka rake. Sukari ya kawo kuɗi, da kuɗin aka gina manyan gidajen Jaro da shagunan titin Calle Real da baƙi suke zuwa kallo yau. Saƙa kuwa ta durƙushe. Yaron yana karanta mini wannan a gidan tarihin tattalin arziki da ke cikin tsohon gari, ni ina jin kamar labarin gidanmu ake ba ni. Kakana masaƙi ne. Mahaifina ya yi aiki a masaƙar zamani a Bompai har aka rufe ta. Ni kuma abin da yake cike da shagona daga Sin ake sauke shi. Ban zo Filifin don in tuna wannan ba, amma a bakin kogin nan ya same ni, kuma ya bi ni har ƙarshen tafiyar.

Tun daren Alhamis ganguna suka hana gari barci. Ranar Juma'a aka zaga da gunkin Santo Niño, wato Yesu yana jariri, a cikin jerin jiragen ruwa. Bikin ya faro ne a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da aka kawo kwafin gunkin daga Cebu zuwa cocin San Jose, sunan Dinagyang kuma wani ɗan jaridar rediyo, Pacifico Sudario, ya raɗa shi a 1977, daga kalmar da take nufin shagali. Ranar Lahadi tun da asuba muka fita, don ana rufe titunan tsakiyar gari, ƙafa ce kawai. Mun sayi tikitin zama tun da wuri a rumfar kallo ta Freedom Grandstand, ruwan sha a hannu, hula a kai.

Na ga hawan Daushe tun ina yaro, na san taro, amma irin wannan tsari ban taɓa gani ba. Kowace ƙungiya ana kiranta tribu, yawancinsu 'yan makarantar sakandare ne da suka yi watanni suna atisaye. Makaɗa sun fi a ƙirga da ido, kiɗan a ƙirji kake jin sa. Masu rawa suna shigowa da garkuwa da mashi da hulunan gashin tsuntsu, su durƙusa su miƙe su juya a bugu ɗaya, kafin ka ƙifta ido an sauya allunan bayan fage, daji ya koma teku, teku ya koma coci. Jama'a na ihun "Hala bira!" A ƙarshen kowace rawa sai a ɗaga gunkin sama, a yi ta kiran sunansa. A nan nake yin shiru in sauke hannuna, mutumin da ke kusa da ni ya lura, ya ɗan sunkuyar da kai, ya miƙo mini gyaɗa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fatar masu rawar. An shafe su da launi mai duhu daga goshi har ƙafa, a da ma baƙin tukunya ake shafawa. Suna kwaikwayon Ati ne, mutanen da suka riga kowa zama a Panay, baƙaƙe masu murɗaɗɗen gashi. Labarin da ake bayarwa shi ne wasu sarakuna goma sun gudo daga Borneo, suka sayi filayen bakin teku daga sarkin Ati mai suna Marikudo da malafar zinariya da sarƙar wuya ta matarsa, Ati suka koma kan duwatsu. Masana tarihi da yawa almara suke ɗaukarsa, amma gari ya riƙe shi kamar yadda muka riƙe na Bayajidda. Ina zaune a rumfar nan da kaftani, ni da yaron kusan mu kaɗai ne baƙinmu ba na shafawa ba. Mutane da dama sun roƙi ɗaukar hoto da ni, cikin ladabi, na yarda da wasu. Ban ga raini a fuskar yaran da suke rawa ba, na ga gumi da alfahari. Amma da muka fito muna kutsawa cikin taro, a gindin wani shago na ga mata biyu 'yan Ati na gaske a zaune a ƙasa, da jariri, sun baza saiwoyi da 'yan ƙulle-ƙullen magani, ƙafafun mutane na wucewa ta gefensu. Gari duka yana rawa da kamanninsu, su suna bakin kwata. Na durƙusa na sayi ƙulli biyu. Babbar ta dubi hannuna, ta dubi nata, ta ce wani abu da yaron ma bai gane ba, ta yi murmushi. Wannan bai sauka daga zuciyata ba har yau, kuma ina ganin duk wanda ya je kallon Dinagyang ya kamata ya nemi waɗannan mutane da idonsa.

Litinin muka hau mota zuwa Miagao, kimanin kilomita 40 kudu maso yamma. Cocin garin, da aka gina tsakanin 1787 da 1797, yana cikin wuraren tarihi na duniya tun 1993. Dutsensa ruwan zuma ne, a fuskarsa an sassaƙa bishiyar kwakwa da gwanda da gwaiba, hasumiyoyinsa biyu ba tsawonsu ɗaya ba. Kaurin bangon ya kai mita ɗaya da rabi, don ganuwa ce aka yi ta da siffar coci. Mai yi mana bayani ya ce saboda harin Moro aka gina shi haka, sai ya dubi hulata ya yi shiru. Na ce ya ci gaba. Moro sunan da Sifaniyawa suka ɗauko ne daga Musulmin Andalus da Magrib suka liƙa wa Musulmin kudancin Filifin, waɗanda suka yi ƙarnuka suna yaƙi da su. Mahara daga kudu sun ƙone garuruwan bakin teku sun kwashi bayi, wannan ya faru, kamar yadda jiragen Sifaniya suka ƙone garuruwan kudu. Na dafa bangon nan na ji sanyinsa. Mutanen da suka ɗora duwatsun tsoro ne ya sa su, kuma masu kallon alƙibla irina suke tsoro.

Daga nan muka hau babur mai akwati a gefe zuwa ƙauyen Indag-an, inda saƙa ba ta mutu ba. Tun daga nesa na ji ƙarar, ƙwas, ƙwas, na san ta kafin in ga komai. Mata ne a zaune a masaƙar katako mai faɗi, ƙafa na taka itace, hannu na jefa ƙoshiya. Abin da suke saƙawa hablon, zanen da suka fi yi kuma patadyong, mai gida-gida ja da rawaya da kore, ana ɗinke bakinsa biyu a shiga ciki, a yi ɗaurin ƙirji da shi, a goya yaro, a yi shimfiɗa. Na murza gefen wani tsakanin yatsuna na ce wa yaron ya tambaye ta ko akwai zaren roba a ciki. Matar ta yi dariya ta ce wannan baƙon ya san kaya, akwai, zallar auduga tana da tsada kuma ba kullum ake samun zaren ba, ta shiga ciki ta fito da na audugar. Ta ce 'yarta tana aiki a ƙasar Larabawa, jikarta ce take koya a hannunta bayan makaranta. Shekara ashirin ina ciniki, ban taɓa biyan kuɗin farko da aka faɗa mini ba, ranar na biya. Na ɗauki guda huɗu.

Sauran kwana biyun mun tsallaka tsibirin Guimaras, minti goma sha biyar a jirgin ruwa, muka sha mangwaronsu da ba shi da zare ko kaɗan, wanda suke tsaronsa har an hana shiga tsibirin da mangwaron wani wuri. Na sayi biskocho, gasasshen burodi mai man shanu da sukari, tsarabar yara. Nanay ta rako ni har bakin titi, ta riƙe hannuna da nata biyu ta ce kada uwar Toto ta damu. Na ba ta turmin atamfa ɗaya da na zo da shi dominta.

Zane ɗaya na ba ƙanwata, ɗaya uwargida, ɗaya na ajiye. Na huɗun, mako guda bayan dawowata, na kai wa wani tsohon masaƙi a wajen Minjibir, abokin kakana ne na ƙuruciya a sana'a, idonsa ya yi rauni amma hannunsa bai manta ba. Ya shimfiɗa zanen a cinyarsa, ya bi gefensa da babban yatsa yana neman inda aka haɗa ƙwarya da ƙwarya, bai samu ba. Ya juya shi, ya sake bi.

"Faɗin nan duka a jefa ɗaya?" ya ce.

Na ce a jefa ɗaya, Baba.

Ya yi shiru yana shafa shi, can ya ce, "Ka ɗauko hoton masaƙar? Kira mini jikana ya duba, ya gaya mini yadda suka kafa ta."